Bindigar Farauta Mai Cin Harsashi Ɗaya: Abin da Masu Ita ke Faɗa

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashin sa da kuɗin mota, mu taɓa wata magana da ke yawan tasowa a rumfunan kasuwar bisashe da wurin hira a zango, wato maganar bindigar farauta mai araha, wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi guda. A cikinmu akwai mai sha'awar farauta, akwai wanda ya gaji ta mahaifinsa tana rataye a ɗaki, akwai kuma wanda dillali ya taɓa kawo wa ita yana rantsuwa babu kamarta. To, dillali kuwa mun san shi, ai sana'armu ce, ba ya kushe abin da ya riƙo. Shi ya sa muka ga ya fi kyau a saurari waɗanda suka saye ta da kuɗinsu, suka yi shekara da shekaru suna shiga daji da ita, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Yawancin wannan magana ta masu ita daga Amurka da Rasha da Faransa take fitowa, inda ake ƙera irin waɗannan bindigogi, amma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, tun da waɗansunsu sun daɗe da shigowa ƙasashenmu. In aka tattara abin da suke faɗa, magana guda ce: bindiga ce ta mutum mai haƙuri, wanda zai yi harbi ɗaya a kan dabba ɗaya a lokacin da ya dace. A wannan aiki tana biyan kuɗinta har da riba. Wanda ya ɗora mata wani aiki dabam kuwa, shi ne yakan dawo da kuka.

Wace ce ita?

Bindiga ce mai bututu guda. Tana da wani ɗan ƙarfe da za ka danna ko ka matsa, sai ta karye a mahaɗarta, gindin bututun ya bayyana. Ka zura harsashi, ka rufe, ka harba. In kana son na biyu sai ka sake karya ta, ka fitar da kwanson, ka sa wani. Ba ta da ma'ajiyar harsasai kamar ta soja. Kada kuma a haɗa ta da bindigar toka ta kakanninmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, wadda ake wa laƙabi da harbi-ka-ruga. Wannan ta zamani ce, albarushinta da dalmarta duk suna cikin kwanso guda.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne, iri biyu ce, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Ta farko cikin bututunta sumul yake, tana watsa ƙananan ƙwayoyin dalma ne. Ita ce wadda aka fi sani a wajenmu da sunan kalibar 12. Asalin wannan lamba shi ne, in aka raba laba guda ta dalma, wato giram 454, gida 12, aka dunƙule kowane kashi, to dunƙule guda shi ne daidai faɗin bakinta, kusan milimita 18 da rabi. Ƙarfinta na kashe zabo ko zomo ko makwarwa bai cika wuce mita 35 zuwa 40 ba.

Ta biyu ita ce masu jin Faransanci ke kira karabin, a Najeriya da Gana kuma a ce raifal. Cikin bututunta akwai tsaga mai murɗiya, wadda ke sa harsashi guda ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, shi ya sa yake tafiya nesa bai karkace ba. Da ita gwani yakan sami barewa a mita 150 ko 200. Matsin da ke tashi a cikinta lokacin harbi ya ninka na kalibar 12 kusan sau biyar, don haka ƙarfenta ya fi kauri, kuɗinta ya fi yawa, doka kuma ta fi tsananta a kanta.

Sunayen da aka sani

A Amurka, in aka ce karabin mai cin ɗaya mai araha, sunan da ke fara zuwa bakin mutane shi ne Handi-Rifle ta kamfanin Harrington & Richardson, wanda ake taƙaitawa H&R. Kamfani ne tsoho, tun 1871 aka kafa shi a jihar Masacusets. Ya sha canza hannu: kamfanin Marlin ya saye shi a 2000, Remington ya saye Marlin a 2007, sa'an nan a 2015 aka daina ƙera wannan bindiga. Yanzu sai ta hannu ake samu. Nauyinta kilo 3 da ɗan ɗoriya, tsawon bututunta santimita 56, kuma a shekarunta na ƙarshe ana sayar da sabuwa tsakanin dalar Amurka 200 da 300. An ƙera ta da harsasai iri-iri, daga ƙanana irin .22 Hornet da .223, zuwa matsakaita irin .243 da .30-30 da .308, har zuwa babban nan .45-70 wanda tun 1873 ake aiki da shi.

Ta biyu ita ce Baikal ta Rasha, wadda ake ƙerawa a birnin Ijebsk. Samfurinta mai lamba IZH-18 ya fito a 1964, daga baya aka sake masa suna MP-18. Akwai mai santsin ciki, akwai karabin. Wannan kam ba baƙuwa ba ce a wajenmu, duk wanda ya yi hulɗa da mafarauta daga Nijar zuwa Kamaru da Cadi ya ga mai kalibar 12 ɗinta. Gudumar da ke bugun harsashi a ɓoye take a ciki, kuma ƙarfen buɗe ta yana ƙasa, bayan kunama. A Amurka ma an taɓa sayar da ita da sunan Remington Spartan, amma tun 2014 takunkumi ya hana shigar da sababbi can.

Sai Rossi ta Birazil, wadda ta yi suna da sayar da gindi guda da bututu biyu ko uku da ake musanyawa. Sai CVA Scout, wadda ake ƙera bututunta a garin Bergara na ƙasar Sifen. Sai Henry ta Amurka, wadda ta fito da tata a 2017, ta fi sauran kyan katako, ta kuma ɗan fi su tsada. Dattawanmu na ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki za su tuna da Simplex ta kamfanin Manufrance da ke birnin Sant-Etiyan. Mai santsin ciki ce, ta fito tun 1908, kuma ko da yake babban kamfanin ya durƙushe a 1985, har yau ana ganin tsofaffinta a hannun mutane.

Me ya sa take da araha?

Ba wani asiri ba ne. Ƙarafan da ke motsi a cikinta kaɗan ne ƙwarai: mahaɗa, makulli, guduma, allurar da ke huda gindin harsashi, kunama, da ƴan sifirin. Babu ma'ajiya, babu ƙarfen da ke ɗauko harsashi ya kai shi baki. Duk abin da aka rage, an rage kuɗin ƙarfe da na ma'aikaci. Bugu da ƙari, masu ƙera ta ba sa ɓata lokaci wajen goge ta da yi mata ado, katakonta na yau da kullum ne ko kuma roba. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, kuma masu ita ba sa musun haka.

A Amurka akwai wani dalili da ya raya kasuwarta, wato doka. Jihohin Misisifi da Luwiziyana sun yarda a yi farautar barewarsu da mai cin ɗaya mai babban baki a wani lokaci na musamman na shekara, jihar Ilinoyi kuma tun daga Janairun 2023 ta halatta karabin ga farautar barewa bisa sharaɗin ta zama mai cin ɗaya. Ka ga ke nan waɗansu ba don talauci suke sayenta ba, dokar jiharsu ce ta kai su.

Abin da suke yabo

Na farko, ba ta cika lalacewa ba. Masu ita sukan ce abin da babu shi a jikin bindiga ba zai karye ba. Masu Baikal musamman suna yaba mata juriya, ta sha ruwa ta sha ƙura ta sha faɗuwa, a goge ta ta ci gaba da aiki. Mai santsin cikinta an shafe bututunta da wani ƙarfe mai ƙyalli da ke hana tsatsa saurin kamawa, wannan ma yana cikin abin da ya sa take daɗewa a hannun mutanen karkara.

Na biyu, sauƙin ɗauka. Da yake ba ta da wancan dogon ɗaki na ja da mayarwa, takan fi sauran karabin gajarta da kusan santimita 10 alhali tsawon bututunsu ɗaya. Handi-Rifle duka-duka ba ta kai mita guda ba. Ga wanda zai wuni yana ratsa sarƙaƙiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma bahago da mai dama duk ɗaya ne a wurinta.

Na uku, kuma shi ne iyaye suka fi ambata, ana gane halinta da ido. In tana karye, kowa ya san ba za ta tashi ba, ko daga nesa. In ka leƙa, kana ganin ko akwai harsashi ko babu, kana kuma ganin haske ta cikin bututun har baki. Shi ya sa a Amurka da yawa suka ce da ita aka fara koya musu harbi, kuma da ita suke koya wa nasu.

Na huɗu, tana koya wa mutum natsuwa. Wanda ya san harsashi guda gare shi ba ya harbin kan-mai-uwa-da-wabi. Zai lallaɓa, ya matso, ya jira dabba ta tsaya, ya auna daidai bayan kafaɗa. Masu ita da yawa sun ce tun da suka koma mata suka rage ɓarnar harsashi, suka kuma rage barin dabba da rauni ta je ta mutu a banza cikin daji.

Abin da suke kuka da shi

Kukan da ya fi yawa shi ne taurin kunama. A kan masu araha, sau da yawa sai ka ja da ƙarfin da ya kai kilo 2 da rabi ko fiye kafin ta tashi, alhali karabin mai kyau kilo 1 da rabi ya ishe ta. To, in yatsa yana kokawa da kunama, bakin bindiga yakan gusa, kuma gusawar da ba ta kai kaurin tsinke ba a nan, a mita 100 ta zama taƙi guda. Masu H&R da Rossi da Baikal duk suna wannan kuka. Masu CVA Scout ne suka fi yaba tasu kunamar.

Na biyu, shuri. Bindiga marar nauyi ta fi dukan kafaɗa, don babu nauyin da zai shanye ƙarfin. Kalibar 12 da ba ta kai kilo 3 ba, ko karabin mai .45-70, wallahi shurinta kamar na jaki. Illar ba ciwon kafaɗa kaɗai ba ne. Mutum yakan fara tsoronta, ya riƙa runtse ido yana zabura kafin ta tashi, daga nan saitinsa ya lalace, ya ce bindiga ce ba ta da kyau. Shi ya sa tsofaffin hannu ke ba sabon shiga shawara ya fara da matsakaicin harsashi, ya kuma sa roba mai laushi a gindin ƙota.

Na uku, ba kowace ke zuba harsasai wuri guda ba. Masu Handi-Rifle sun daɗe da lura cewa harbi biyu ko uku na farko sukan faɗa kusa da juna, amma da bututu ya yi zafi sai su fara hawa sama. Sun kuma lura cewa in ka ɗora katakon gaba a kan dutse ko reshe, inda ka ɗora shi yana canza inda harsashi zai faɗa, saboda katakon a jikin bututun yake ɗaure. Dabararsu ita ce a jingina ta kusa da mahaɗa, a kuma riƙa rufe ta da ƙarfi iri ɗaya kullum. Har wa yau suna gargaɗi kada a bar mai a kan makullin, domin santsinsa yakan hana ta kulluwa sosai, wani lokaci ma ta buɗe da kanta bayan harbi.

Na huɗu, maƙalewar kwanso. Harsasai irin .30-30 da .45-70 suna da leɓe a gindinsu, ƙarfen da ke fitar da kwanso yana kama shi da sauƙi. Irin .243 da .308 ba su da wannan leɓe mai fitowa, don haka in ɗakin harsashi ya yi datti ko tsatsa sai kwanso ya liƙe, sai an sa sanda ta baki an turo shi. Masu ita da yawa sun ce saboda wannan dalili masu leɓen sun fi dacewa da bindiga mai karyewa.

Na biyar, araha ba ta hana aibi daga masana'anta, tsada ma haka. A 2020 kamfanin Henry da kansa ya yi kira ga masu mai cin ɗayansa da aka ƙera kafin watan Yuli na shekarar su mayar da ita a gyara kyauta, bayan an gano tana iya tashi in guduma ta kuɓuce wa babban yatsa tun ba a taɓa kunama ba. Wancan kamfani ya kira, ya gyara. Amma wanda ya sayi bindiga a hannun na biyar ko na shida, a wata ƙasa mai nisa, wa zai kira shi?

Inda suka rabu

Babbar gardamarsu a kan harbi na biyu take. Waɗansu sun ce mafaraucin kirki ba ya bukatarsa. Waɗansu suka ce a'a, ko gwani yakan kuskure, kuma kafin ka karya, ka cire, ka lalubo wani a aljihu, ka rufe, ka ɗaga guduma, dabba mai rauni ta shige duhu. Masu matsakaicin ra'ayi sukan ɗaura ƴar jaka mai harsasai huɗu ko biyar a jikin ƙota don hannu ya same su da sauri. Amma dukansu sun haɗu a kan cewa ba a tunkarar dabba mai faɗa, kamar ɓauna ko gadu mai rauni, da harsashi guda ba tare da wani a gefe ba.

Gardama ta biyu a kan kuɗin ne kansa. Da can tazarar farashi tsakanin mai cin ɗaya da mai cin huɗu ko biyar tana da faɗi. Amma da kamfanoni suka fito da masu cin da yawa masu araha, irin Savage Axis da Ruger American wadda ta fito a 2012, sai tazarar ta tsuke. Masu ita da yawa a Amurka suna ganin wannan ne ya ci kasuwar Handi-Rifle. Duk da haka masoyanta ba su sake ta ba, har ta hannu ta yi daraja bayan an daina ƙera ta.

Yadda abin ya shafe mu

To ƴan'uwa, waɗancan suna da shagunan harsashi a kowane gari, da masu gyara, da kayan gyara. Mu nan sai mu auna da namu ma'auni.

Abu na farko, harsashi. Bindigar da ba ka samun abincinta ta hanyar halal sanda ce mai tsada. A ƙasashenmu kartush na kalibar 12 shi ne aka fi samu a shagunan da gwamnati ta ba izini. Harsashin karabin kuwa wuya gare shi, kuma wanda ya je neman sa a bayan fage ya sa ƙafarsa a tarko. Ko a kalibar 12 ɗin ma a duba rubutun da ke jikin bututu. Akwai mai ɗakin milimita 65, akwai 70, akwai 76. Dogon kartush yakan shiga gajeren ɗaki lafiya lau, don bakinsa a naɗe yake, amma in ya tashi ba shi da wurin buɗewa, sai matsi ya hau. Tsohuwar bindiga irin ta gado nan ne takan ci amanar mai ita.

Abu na biyu, nisan tafiyar harsashi. Ƙwayar dalma ta kalibar 12 tana mutuwa kusa. Harsashin karabin kuwa, ko ɗan ƙaramin nan .22, yana iya wuce kilomita 1 da rabi, na .308 kuma ya haura kilomita 3. Dajinmu shimfiɗaɗɗe ne, babu tudu babu duhuwa, kuma babu inda ba kowa: ga makiyayi, ga mata masu itace, ga ruga a bayan geza. Wanda ya kuskure barewa bai san inda harsashinsa zai sauka ba. Ƙa'idar masu karabin ita ce, in ba ka ga ƙasa ko tudu a bayan dabba ba, kada ka harba.

Abu na uku, ta maƙera. Akwai maƙeran da ke kwaikwayon Baikal har da zanen sunanta, amma bututun na famfo ne ko wani ƙarfen mota. Ta masana'anta a Faransa da Ingila da Beljiyam da Rasha sai an kai ta gidan gwaji an harba ta da abin da ya fi ƙarfin kartush na yau da kullum, sa'an nan a buga mata hatimi a gindin bututu. Ta maƙera ba wanda ya gwada ta sai kai, kuma fuskarka da hannunka na hagu su ne a kusa. Rangwamen jika kaɗan bai kai ido guda ba.

In ta hannu za ka saya, yi mata irin binciken da kake wa sa a kasuwa. Tabbatar babu harsashi a ciki. Cire katakon gaba, ka rufe ta, ka girgiza: in bututu yana motsi a mahaɗa, ta gaji. Ɗaga ta wajen haske ka leƙa, ka ga ko tsatsa ta ci rami a ciki. Shafa bututun da yatsu daga gindi zuwa baki, in ka ji kumburi ko loɓawa, bar ta. Duba ƙota daidai inda hannu ke kamawa, nan take fara tsagewa. Sa'an nan lambar da ke jikinta ta zama ita ce a takarda. Wadda aka kankare wa lamba, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Wajen ajiya kuma, a tuna da zanzaro. Bindigar da ta yi wata uku a rataye, ba mamaki ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututu, kuma bututun da ya toshe fashewa yake yi. Don haka kullum a leƙa kafin a sa harsashi. Da damina a shafa mata mai saboda tsatsa, da hunturu a rage man, domin mai da ƙura in sun haɗu sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka yi saurin karya ta, riƙe bakinta wajen da ba kowa har minti guda. A kan babur ko cikin mota ta kasance babu komai a cikinta. A gida kuma bindiga dabam, harsashi dabam, duka a kulle, nesa da yara.

Maganar takarda

Babu ƙasa ɗaya a cikin waɗanda muke zirga-zirga da ta yarda mutum ya riƙe irin wannan bindiga ba izini. A Nijar izinin daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, kuma tun 1994 akwai hukumar da aka kafa don tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Izinin riƙe bindiga dabam, izinin farauta dabam. Dokar farauta ta 29 ga Afrilun 1998 ita ta tsara wannan, ta kuma hana taɓa waɗansu dabbobi sam-sam, kamar giwa da raƙumin dawa. A Kamaru dokar makamai ta Disamban 2016 ce ke aiki. A Najeriya dokar 1959 ta kasa bindigogi gida uku, ta kuma sa masu harsashin milimita 7.62 da .303 cikin na soja. A lura, harsashin .308 da Ba'amurke ke farautar barewa da shi, shi ma a ajin 7.62 yake. Ka ga abin da yake kayan farauta a wata ƙasa, a wata ƙasar kayan yaƙi ne.

Abin da ya fi shafar mu masu ƙetare iyaka shi ne, takardar ƙasa guda ba ta aiki a wata. Izinin da aka ba ka a Maraɗi ko Damagaram ya ƙare a bakin iyaka. Wanda aka kama da ita a ƙarƙashin kujerar mota a wancan gefe, ba bindigar kaɗai zai rasa ba: shi yana tsare, shanu suna tsaye a rana suna ramewa, kuɗin mutane yana narkewa.

Abin da ba aikinta ba

Daga ƙarshe, mun san abin da ke ran waɗansu in suna tambayar wannan bindiga, ba zabo ba ne. Halin da hanyoyi suke ciki ba ɓoyayye ba ne. Amma a faɗa wa juna gaskiya. Ɓarayin shanu na yanzu Kalashnikov suke riƙewa, mai cin harsashi 30, kuma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Mai harsashi guda in ya harba ya nuna inda yake ne kawai, kafin ya sake ɗurawa an gama. Ita kanta bindigar abin nema ce a wurinsu, gidan da aka san tana ciki ya zama abin hari. Jami'in tsaro kuma da ya hango mutum da bindiga a daji, ba lalle ya tsaya tambayar takarda ba. Ko a kan kura da ke ɓarna a garke, harbin dare cikin duhu ya sha faɗawa kan maraƙi ko kan mai tsaro. Shinge mai ƙarfi da kare da fitila sun fi, sa'an nan a kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji.

Saboda haka, wanda farauta ce ta kai shi, yana da takardarsa, ya san dajinsa, yana kuma da haƙurin jiran harbi guda, masu ita sun ce ba zai yi da-na-sani ba, zai ma iya bar wa ɗansa. Wanda tsoro ne ya kai shi, gara ya sa kuɗin a tafiya cikin ayari, da aika kuɗi ta banki ko ta waya maimakon ɗaukar su a jiki, da sanar da hukuma kafin a kama hanya. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.